Amsoshin Tambayoyinku: Benen haya a kangon gado, zai iya ɗaukar nauyin wutarsa da hasken rana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da ƙannena mun gaji wani kango a unguwar Zango a nan Damagaram, faɗinsa mita 15, tsawonsa mita 20, gidajen maƙwabta sun kewaye shi ta gabas da kudu da arewa, ƙofarsa kuma tana duban yamma. Mun yi shawarar kada mu sayar, mu gina bene mai hawa biyu ban da ƙasa, a fitar da sassa shida na haya. Na ji ana cewa a ƙasashen Turai akwai gidajen da wutar da suke samarwa a shekara take daidai da wadda suke sha. Shin irin wannan zai yiwu a wurin da ya matse kamar namu, da zafi irin na garinmu, ko kuwa abu ne na masu sanyi da yalwar fili?
Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da suka bari. Zai yiwu, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin zanen ginin tun kafin a haƙa harsashi. Wanda ya gama gini irin wanda aka saba, na bulon siminti mai rami da manyan tagogin gilashi, sa'an nan ya je kasuwa ya sayo farantan sola ya jera a sama, zai kashe kuɗi mai yawa kuma wutar ba za ta ishe shi ba a watannin da ya fi bukatarta.

Mu fara da lissafi, domin shi ne zai nuna maka inda gizo yake saƙa. Ɗauki sashe ɗaya na iyali matsakaici, mai ƙwayayen fitila takwas marasa shan wuta, da fanka uku, da firji ɗaya, da talabijin, da cajin wayoyi. Irin wannan sashe yakan sha kusan kilowat-awa 5 a yini (kilowat-awa shi ne ma'aunin wutar da mita take ƙirgawa), kuma rabin wannan adadi fankoki ne suke shanye shi idan suna juyawa awa 12. Sassa shida sun kama 30 ke nan, idan aka ƙara injin tura ruwa zuwa tanki da fitilun matakala sai a ce 33. A wajenmu, inda garin yake kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat ɗaya sukan ba da kusan kilowat-awa 4 da rabi a yini bayan an cire asarar ƙura da zafi da ta batir. Saboda haka kana bukatar kamar kilowat 8, wato faranti 15 masu wat 550, waɗanda za su ci wuri kusan murabba'in mita 40, ko 60 idan aka bar hanyar da mai gogewa zai bi. Idan ginin ya zauna a kan murabba'in mita 190 daga cikin 300 da kuke da su, saura ya zama tsakar gida da mashiga, ka ga rufin ya isa har da rara.

Yanzu ka saka wa kowane sashe na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya tak, wadda za ta yi aikin dare. Ita kaɗai takan sha kusan kilowat-awa 7, fiye da duk sauran kayan gidan a haɗe. Bukatar ginin ta tashi daga 33 zuwa 75, farantai sun koma 31, wurin da za su ci ya kai murabba'in mita 120. Idan kowane ɗan haya ya saka biyu, faranti 48 ake magana, rufin ya cika maƙil, babu wurin tanki, babu wurin shanya. Wannan ita ce matsalar bene a fili matsattse a ko'ina cikin duniya: duk hawan da aka ƙara yana ƙara masu shan wuta, rufin kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa nake ganin hawa ukun da kuka tsara, wato ƙasa da biyu a sama, shi ne iyakar abin da ya dace da filinku, kada kwaɗayin kuɗin haya ya sa a ƙara na huɗu.

Akwai kuma wani bambanci tsakaninmu da Turai da ya kamata ka sani. Gidajen da ka ji labarinsu, irin wanda aka kammala a garin Darmstadt na ƙasar Jamus a 1991 da waɗanda suka biyo bayansa, da sanyi suke yaƙi, kuma masu farantai a cikinsu suna tura rarar wutarsu ta lokacin zafi cikin layin gwamnati, su karɓo a lokacin sanyi, a ƙarshen shekara lissafi ya tashi babu ci babu bashi. Mu a nan layin ba abin da za a jingina da shi gaba ɗaya ba ne. Kaso mai yawa na wutar yankinmu daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023 lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Don haka kada ka gina lissafinka a kan sayar wa kamfanin wuta rara sai idan kana riƙe da yarjejeniya a rubuce. Ka auna farantanka da batiranka da bukatar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40 kusan kullum, ka bar layin gwamnati ya zama madogara ta ranar da hadari ya rufe sama ko hazo ya yi kauri.

Tunda na'urar sanyaya ɗaki ce mai rusa lissafi, babban aikin mai zane shi ne ya hana zafi shiga, har ɗan haya ya iya wadatuwa da fanka a mafi yawan shekara. A nan ne filinku yake da alheri ɗaya da wahala ɗaya. Alherin shi ne gidajen maƙwabta suna yi wa bangayen ƙasa inuwa ta ɓangarori uku, abin da mai gini a sabuwar unguwa a bayan gari ba ya samu. Wahalar ita ce fuskar yamma. Ranar la'asar takan sunkuyo ta doki bango kai tsaye a daidai lokacin da iska ta fi zafi, kuma ƴar rumfar da ake yi a saman taga ba ta tare ta, domin ta gefe take shigowa. Shawarata ita ce kada a sa ɗakin kwana ko ɗaya a wannan fuska. A jera matakala da makewayi da ɗakin ajiya a can, su zama garkuwa, a gabansu kuma a yi baranda mai zurfin mita ɗaya da rabi ko biyu, a rufe ta da bulo mai huda-huda wanda iska take ratsawa amma rana ba ta wucewa sai kaɗan. Na san masu gida suna son fuskar titi ta sha gilashi don a ga kyau, amma gilashin da ke duban yamma a Damagaram kuɗin wuta ne da za a yi ta biya muddin ginin yana tsaye.

Ɗakunan kwana da falo su buɗe tagoginsu zuwa tsakar gida, kuma a yanka tsakar gidan ta yadda tagogin za su dubi kudu ko arewa. Ranar da ke bugun waɗannan fuskoki biyu daga sama take zuwa, rumfa mai fitowa santimita 60 zuwa 80 tana kare mafi yawanta. Kada a manta da tagogin arewa a ce ba sa ganin rana, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana. Kowane ɗaki ya samu mashigar iska da mafitarta a bangaye biyu dabam, ko da ta biyun ƴar ƙaramar taga ce a saman ƙofa. Matakalar kuma a bar kanta a buɗe a sama, da rumfa da raga, domin iska mai zafi sama take tashi, idan ta samu mafita sai ta jawo mai sanyi daga tsakar gida ta ratsa sassan. Idan wuri ya samu, a dasa bishiya ɗaya a tsakar gidan nesa da harsashi, a kuma bar wani ɓangare ba siminti, domin daɓen siminti yana riƙe zafi har bayan isha'i.

Rufi shi ne ƙofar zafi mafi girma, kuma mazauna hawan ƙarshe su ne suke ɗanɗana kuɗarsa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka zuba wa siminti a sama ba tare da kariya ba ya san yadda yake: ƙarfe biyun dare ka ɗaga hannu kusa da silin ka ji yana huci, fanka tana juyawa amma iskar da take saukowa da ita mai ɗumi ce. Maganin shi ne rufi biyu. A ɗaga farantan a kan ƙarafa, sama da tsayin mutum, su zama rumfa a kan simintin, iska tana wucewa tsakani. Da haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin simintin ya samu inuwa, farantan kuma sun samu iska ta ƙasa, alhali kuwa faranti yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da zafinsa ya haura 25. Inda farantan ba su rufe ba a shafa farin fenti ko farar ƙasa. Wannan dabara ta ɗaga rufi ita ce Francis Kéré, masanin zanen gini ɗan Burkina Faso wanda ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 2022, ya yi amfani da ita a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando tun 2001, a yanayin da bai bambanta da namu sosai ba. Sai dai a ɗaure ƙarafan da kyau cikin ginshiƙan ginin, domin iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana ɗaga kwanon da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ina kuma ba da shawarar a bar wani yanki na rufin a buɗe, ba faranti a kansa, saboda masu son kwana a waje da bazara, domin a ƙarƙashin sararin sama jiki ya fi saurin yin sanyi.

Farantan su kalli kudu da karkata kusan digiri 15. Wannan karkata ta dace da matsayin garinmu, kuma tana sa ruwan sama ya wanke su da damina. Ka duba maƙwabcinka na kudu da idon gobe, domin idan ya tashi nasa benen nan gaba inuwarsa za ta faɗo muku. A watan Disamba da tsakar rana, bangon da ya ɗara farantanka da mita 3 yana jefa inuwar da ta wuce mita 2, da safe da yamma kuma ta fi haka tsawo, kuma inuwa a kan faranti ɗaya takan rage ƙarfin duk waɗanda aka haɗa shi da su a layi guda. Don haka a matsar da su zuwa ɓangaren arewa na rufin. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ana bukatar gogewa a kalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, kuma wannan ba zai ɗore ba idan sai an jingina tsani mutum yana tsoron faɗowa. A yi matakala ta sosai har sama, a kuma ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya da aka sani, a riƙa biyansa.

Abu na ƙarshe a gare ka, Alhaji, shi ne zama da ƴan haya, kuma a nan ne irin wannan shiri ya fi lalacewa. Kai ne za ka zuba jari, su ne za su sha wuta, kuma wutar da ba a auna ta ba a tausaya mata. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, haka abin dafa ruwa na lantarki, idan mutum uku suka kunna a lokaci guda da dare sun gama da batir. Kowane sashe ya samu mitarsa da makashin da zai yanke idan an wuce ƙa'ida, a rubuta kason kowa a takardar haya, a kuma yi wa mutane bayani cewa guga da wanki da tura ruwa zuwa tanki da rana ake yinsu, lokacin da wuta take zuwa kai tsaye daga sama. Ka saka fankokin da kanka, irin na zamani masu jan wat 30 maimakon 70, domin bambancin a sassa shida ya kai ƙarfin faranti uku ko huɗu. Daga kuɗin hayar kuma a riƙa ware wani abu kowane wata na sauya batir, tunda faranti yakan kai shekara 25 yana aiki, batir kuwa ba ya kaiwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazauniyar Birni ce, kuma ana shirin tada bene jikin katangarmu. Mu mata a tsakar gida muke yini, a nan muke girki da wanki da shan iska. Ta yaya za a yi irin wannan gini ba tare da an tone mana asiri ba?
Daga wata uwar gida, unguwar Birni.

Amsa: Barka kadai, Hajiya. Damuwarki tana kan hanya, kuma mai zanen da bai sa ta a gaba ba bai san garin da yake yi wa aiki ba. Abin farin ciki shi ne abin da zai kare mutuncinku shi ne kuma zai kare benen daga zafi. Idan manyan tagogi suka dubi tsakar gidan benen kansa, bangon da ke jikin katangarku ba ya bukatar komai sai ƙananan tagogin shan iska, waɗanda za a ɗaga su sama da mita 1.8 daga daɓen ɗaki, ta yadda mai tsayuwa a ciki sama kawai zai gani. Inda dole sai an yi taga ƙasa da haka, a sa mata fika-fikan ƙarfe ko katako masu karkata zuwa sama. Saman benen kuma a kewaye shi da rawani mai tsayin da ya wuce kan mutum, da bulo mai huda a can ƙarshensa don iska, idan kuma akwai farantan sola a ɗaga su sama da shi. An gwada irin wannan tsari a Yamai a rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016, kuma Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasarmu, tana cikin waɗanda suka zana su. Gidaje shida ne masu bene a fili kaɗan, an yi su da tubalin ƙasa, kowanne da wurin shan iskarsa da ba a hangowa daga waje.

Ki sa maigida ko babban ɗanki su nemi ganin zanen tun yanzu, a gaban mai unguwa, domin gyara a takarda ba ya cin ko dala, amma toshe tagar da aka riga aka gina yakan zo da ɓacin rai. A duba har da inda indararo zai zubar da ruwa, kada ya sauka a gindin katangarku. Ki kuma sani cewa Birni ba kamar sauran unguwanni ba ce. Tun 2006 tsohon garin da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, don haka tsayin gini da kamanninsa a can abu ne da ya kamata ma'aikatar magajin gari ta duba da kyau kafin ta ba da izini. A ra'ayina, a cikin lungunan Birni hawa ɗaya a kan na ƙasa ya isa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Kuna yawan yabon ginin ƙasa, amma mun ga yadda ruwan 2024 ya rusa gidaje har da tsohon masallacin Birni. Wa zai yarda ya zuba dukiyarsa a benen ƙasa bayan wannan?
Daga wani ɗalibi, unguwar Garin Malam.

Amsa: Ɗana, tambayarka ta yi ma'ana, kuma faɗuwar masallacin nan a watan Satumba na 2024, bayan ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ta taɓa zuciyar duk wanda ya san garin nan. Amma ka lura da yadda ruwa yake kayar da ginin ƙasa. Ta wuri biyu yake shiga: ta gindi, idan ya kwanta ya jiƙa tushen bango, da ta kai, idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe. Maginan da sun san haka, shi ya sa suke sabunta yaɓe kafin kowace damina, suna shafa makuba, suna kuma ba bangon gabas kulawa ta musamman domin shi ruwa yake duka. Abin da ya sauya shi ne unguwanni sun cika, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, hanyoyin ruwa sun toshe, ruwan da a da yake wucewa yanzu yana kwana a gindin katanga.

Tubalin da nake nufi kuma ba irin wanda ake murzawa da hannu a shanya ba ne. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a gauraya ta da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa, a matse a cikin injin hannu, a rufe da leda ana yayyafa ruwa, a jira kamar mako huɗu kafin a yi gini da shi. Wanda aka yi da kyau, idan ka ƙwanƙwasa shi za ka ji ƙara, gefensa kuma ba ya marmashewa a hannu. Da irinsa aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa, wanda aka kammala a 2018. A bene mai hawa uku, ginshiƙai da katakon siminti da rodi su ne za su ɗauki nauyi bisa lissafin injiniya, tubalin ya cike tsakani. Harsashi da abin da ya kai rabin mita sama da ƙasa a yi su da dutse da siminti, kuma dutse ba abin da Damagaram ta rasa ba ne.

Amfaninsa a lissafin wuta shi ne nauyinsa. Bango mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana jinkirta zafi awa takwas zuwa goma kafin ya ratso ciki, alhali bulo mai rami na santimita 15 cikin ƴan awoyi yake miƙa shi. Shi ya sa zauren gidan da yake da sanyi da azahar. Amma akwai gaskiyar da masu yabon ƙasa ba su cika faɗa ba: zafin da bangon ya tsare da rana da dare yake sakinsa, kuma a watan Mayu, lokacin da daren ma yake kusan digiri 30, ɗakin da aka rufe ruf zai yi nauyi. Don haka bango mai kauri sai da inuwa a waje da tagogin da za a iya bari a buɗe duk dare, masu raga saboda sauro da ƙarfe saboda ɓarayi. Da rana a rufe, da dare a buɗe, kuma wannan sai an koya wa ɗan haya. Ga kuma ribar da ba ta bayyana a mita: sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma namu daga nesa ake ɗauko shi a mota, ƙasa kuwa a bayan gari take.

Tunda kai ɗalibi ne, ka riƙe wannan ma: kangon cikin gari yana ɓoye abubuwa. Akan tarar da tsohuwar rijiya ko ramin masai da aka cike da shara, ko a haƙa mita ɗaya a ci karo da falalen dutse a kusurwa ɗaya, ɗaya kusurwar kuma yashi. Bene a kan irin wannan wuri ba a fara shi sai an gwada ƙasar an kuma tambayi dattawan unguwa abin da yake wurin a da.

Tambaya: Malam, idan muna girki da gas ko gawayi, gidan ya cika sharaɗin ɗaukar nauyin wutarsa? Kuma na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa fa, tana da amfani?
Daga wata malamar makaranta, unguwar Sabon Gari.

Amsa: Malama, idan za a bi ƙa'ida sosai, duk makamashin da gida ya ci ana lissafa shi, har da na murhu, don haka gidan da ke girki da gas wutar lantarkinsa kawai ya ɗauke wa kansa. Ban ga laifin hakan ba a matakin farko. Gas ɗin da matatar mai ta SORAZ take fitarwa tun da aka buɗe ta a 2011 ya fi itace da gawayi sauƙi ga huhun mai girki da kuma dazukanmu, kuma a bene hayaƙin itace fitina ne tsakanin maƙwabta. Wadda take son matsawa gaba ta samu tukunyar lantarki mai matse tururi ta dafa wake ko nama da hantsi, lokacin da farantai suke da rara, domin ba ta kai kilowat-awa ɗaya a girki guda. Ɗakin girkin ya kasance yana da taga zuwa waje da ƴar baranda, saboda daka da soye-soye.

Na'urar mai ruwa tana aiki sosai daga Maris zuwa Mayu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, kuma wat 100 zuwa 200 take ja inda na'urar sanyaya ɗakin da aka saba take jan sama da 1,000. Da damina ba ta da amfani, sai ma ta ƙara gumi. Matsalarta ita ce tana shan lita da dama a kowace awa, a daidai watannin da famfo yake ɗaukewa a unguwanni da yawa, garinmu kuwa a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Saboda haka duk benen da zai dogara da ita sai an yi masa babbar ma'ajiyar ruwa a ƙasa. Rufi mai murabba'in mita 150, a shekarar da aka samu ruwan sama milimita 400, yana tara kusan lita 60,000 kafin a cire asara, kuma wannan ruwa ya isa a yi wanki da goge farantai da ban ruwan bishiya na tsawon lokaci, in dai an zubar da na farko mai ɗauke da ƙurar rufi, an kuma rufe ma'ajiyar da murfi mai nauyi saboda yara da sauro. Batiran gidan kuma kada a kai su sama kusa da farantai ko a cusa su ƙarƙashin matakalar yamma. A ba su ɗaki a hawan ƙasa, a ɓangaren da ya fi sanyi, mai mashigar iska da ƙofa mai makulli, domin batirin dalma rabin rayuwarsa yake rasawa a kan kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25, na litiyom ma, duk da ya fi juriya, zafi yana rage masa kwana.